Heda tana shigar min tebur kamar ɗalibi, in na fitar da bayanai kuma babu ita, dan Allah a taimaka

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da wata matsala yau kwana uku kenan tana cin raina. Ina riƙe wa wata makarantar kuɗi kwamfuta a nan Zariya, aikin rabin rana ne, ni ke shigar da sunayen yara da kuɗin makaranta. Da can komai a Excel ake yi, kowane malamin aji da nashi fayil, to farkon zangon nan na ce bari ni ma in ɗan waye, na sa MySQL 8.0, manhajar ajiye bayanai a tebur, a kwamfutar ofis na yi tebur ɗaya mai suna dalibai, kolum shida: suna, sunan_uba, aji, waya, biya, saura. Malamai su turo min Excel ɗinsu ta WhatsApp, in mai da shi CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanan cikinsa, in loda da wannan:

LOAD DATA LOCAL INFILE 'C:/kudi/aji4.csv' INTO TABLE dalibai FIELDS TERMINATED BY ',';

Ya shiga lafiya lau babu jan rubutu ko ɗaya. Sai ranar Talata hedimasta ya ce in ba shi adadin yaran firamare, na ba shi, ya kalle ni ya ce ina na samo ƙarin yara shida. Da na duba ashe akwai wani yaro sunan shi "Suna", babanshi "Sunan Uba", ajinsu "Aji", bai biya ko sisi ba kuma ba a bin shi ko sisi, kuma shi ɗin guda shida ne, ɗaya a kowane aji. Wlh kunya kamar in nutse, har bursa na tsokanata wai na fara cusa yaran bogi.

Na biyu kuma, da na zo fitar da bayanan ma bursa na yi SELECT ... INTO OUTFILE, fayil ya fito amma babu layin sama, lambobi ne kawai zube, ta kira ni tana tambaya wanne ne biya wanne ne saura. Wato inda ba na son heda, layin saman nan mai sunayen kolum, ta shigo, inda nake son ta kuma ta ƙi zuwa. Ya ake yi ne dan Allah?

Sarkin Gajeriyar Hanya:

Haba malam wannan ai ba matsala ba ce. Buɗe fayil ɗin a Notepad ka goge layin farko ka yi sebin ka loda, shikenan. In ka fitar kuma ka buga hedar da hannunka a sama, kalma shida ce fa.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bi shawarar Sarki, yau fayil shida ne gobe talatin, wata rana za ka manta ka goge ko kuma ka goge sau biyu ka tafi da yaron da ke layin farko, kuma kusan kullum wani Abba ko Abdullahi ne tunda su ke saman jeri.

Abin da ya faru shi ne MySQL bai san wani abu wai shi heda ba. A wurinsa layi layi ne. CSV kanta ba ta da wata alama a ciki da ke nuna layin farko suna ne ba bayani ba, ko takardar RFC 4180 ta 2005 da ta yi ƙoƙarin tsara CSV cewa ta yi heda in an ga dama a sa in an ga dama a bari. To kai ne za ka faɗa mishi. Ga yadda zan rubuta naka:

LOAD DATA LOCAL INFILE 'C:/kudi/aji4.csv'
INTO TABLE dalibai
CHARACTER SET utf8mb4
FIELDS TERMINATED BY ',' OPTIONALLY ENCLOSED BY '"'
LINES TERMINATED BY '\r\n'
IGNORE 1 LINES
(suna, sunan_uba, aji, waya, biya, saura);

IGNORE 1 LINES ɗin nan shi ne maganin yaronka Suna ɗan Sunan Uba. Dalilin da ya sa ba ka ga kuskure ba kuwa kalmar LOCAL ce, in ka sa ta MySQL yana mai da irin waɗannan kurakuran gargaɗi kawai, ya ga kalmar "Biya" a inda ake jiran lamba sai ya zuba 0 ya wuce abinsa. Ka saba da buga SHOW WARNINGS duk bayan lodi, da ka yi haka da tun ranar farko ka gani.

Ka kula da '\r\n' ɗin nan sosai. Fayil ɗin da Excel na Windows ya yi da shi yake ƙare layi. Amma in fayil ya fito daga wani wuri mai '\n' kawai kai kuma ka ce '\r\n', to MySQL zai ga fayil ɗin gaba ɗaya a matsayin layi ɗaya, ka ce ya tsallake layi ɗaya, sai ya tsallake duka, ya ce maka 0 rows ba tare da ya yi ƙorafi ba. Ni wannan ya taɓa cinye min dare guda ina zagin kwamfuta alhali ita ke da gaskiya.

Wajen fitarwa kuma INTO OUTFILE ba ya rubuta sunayen kolum, haka aka yi shi, babu wani maɓalli da za ka kunna. Dabarar da kowa ke yi ita ce ka ƙirƙiro layin da kanka ka manna a sama:

SELECT 'suna','aji','biya','saura'
UNION ALL
SELECT suna, aji, biya, saura FROM dalibai
INTO OUTFILE 'C:/ProgramData/MySQL/MySQL Server 8.0/Uploads/bursa.csv'
FIELDS TERMINATED BY ',' ENCLOSED BY '"'
LINES TERMINATED BY '\r\n';

Sai dai tana da tarko. Ranar da ka ƙara ORDER BY a ƙarshe don sunaye su jeru, hedar ma za ta shiga jeri, ka je ka same ta can ƙasa tsakanin su Sulaiman da su Surajo tunda da S ta fara. Sai ka ƙara kolum na bogi, heda ta ɗau 0 sauran su ɗau 1, ka fara jerawa da shi. Sannan UNION ɗin yana mai da lambobinka rubutu, in ka jera da kuɗi 9000 sai ta zo bayan 15000. Kuma ba ya rubutu a kan fayil ɗin da ke nan, sai ka goge tsohon ko ka canza suna. Ni gaskiya na daina wahalar da kaina, mysql na bakin kwamand in ka ba shi -B da -e yana fito da heda da kansa, tab ne ke raba su ba waƙafi ba, Excel kuma yana buɗewa. Ko ka yi ekspot daga Workbench, manhajar MySQL ɗin nan ta danne-danne, shi ma yana sa ta.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri Yaya, Allah ya ƙara basira. Na goge Suna guda shida na sake lodi, adadi ya yi daidai da na rajista. Fayil ɗin aji 2 ne kawai ya ba ni wuya don malamar ta sa sunan makaranta a layin farko, zango a na biyu, heda sai a na uku, na mai da shi IGNORE 3 LINES, sai kuma ga wani sabon yaro wai shi "JIMILLA" ya biya kuɗin aji guda shi kaɗai hhh, ashe layin totel ne na ƙasa. Na cire shi.

Amma yanzu wata sabuwa ta ɓullo kuma wannan ta fi tsorata ni. Jiya wani uba ya zo ofis da rasit a hannu ranshi a ɓace, an aika mishi takarda wai ana bin shi 18,000 alhali 18,000 ɗin shi ya biya, saura 2,000 ne. Na duba, duk aji 5 haka suke a juye. Malamin ajin a nashi Excel ɗin saura ya fara sawa kafin biya. Ya rubuta a heda ɓaro ɓaro, ba laifinshi ba ne, amma MySQL bai ce min uffan ba, ko gargaɗi ɗaya babu. Ni na ɗauka tunda na nuna mishi akwai heda zai karanta ta ya san inda kowanne zai je?

Tsohon Hannu:

Yawwa, yanzu ka zo wurin. Ba ka nuna mishi akwai heda ba, cewa ka yi ya rufe ido ya tsallake layi ɗaya. Bai karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Da matsayi yake aiki, na biyar a fayil ya tafi na biyar a jerin da ka rubuta cikin baka, na shida ya tafi na shida, kuma tunda biya lamba ce saura ma lamba ce babu abin da zai sa ya yi tari. Da waya ce ta musanya da suna da ido ma ya gani. Waɗanda suka yi kama da juna su ne masu kisa: biya da saura, suna da sunan uba, makin jarabawa da makin gwaji.

Kuma ba MySQL kaɗai ba ne kar ka ce za ka gudu. PostgreSQL in ka ce CSV HEADER wajen shigarwa shi ma jefar da layin yake yi bai duba ba, wajen fitarwa ne yake rubuta maka sunayen da kansa, nan kam ya fi MySQL mutunci. Sai a PostgreSQL 15 da ya fito 2022 suka ƙaro HEADER MATCH, wanda in sunaye ko jerinsu bai yi daidai da na tebur ba zai ƙi lodawa gaba ɗaya. Lura fa, ƙi yake yi, ba ya gyara maka jerin. SQL Server mutane na sa FIRSTROW = 2 a BULK INSERT, su kansu Microsoft sun rubuta cewa ba don tsallake heda aka yi shi ba, ƙirga alamomin rabuwa kawai yake yi. SQLite kuma nashi salon daban, .import in tebur ɗin babu shi sai ya ɗauki layin farko ya yi sunayen kolum da shi, in kuma tebur yana nan sai ya zuba layin a matsayin bayani, wato umarni ɗaya ka buga sau biyu ka samu hali biyu, sai ka sa --skip 1 a na biyun.

Na aji 5 gyaran yau mai sauƙi ne: goge 'yan aji 5, sake lodi, a cikin baka ka rubuta saura kafin biya yadda yake a fayil ɗin. Jerin cikin baka na fayil yake bi ba na tebur ba. In akwai kolum ɗin da ba ka so, kamar S/N da malamai ke son sawa, sa @watsi a gurbinsa ya wuce. Kar ka yi ƙoƙarin musanya su da UPDATE biya=saura, saura=biya, a MySQL daga hagu zuwa dama yake yi, na biyun zai ɗauki sabon biya, ka ƙare da lamba ɗaya a duka biyun. Kuma kafin ka taɓa komai yi mysqldump, wato kwafin bayananka, ka ajiye a filash.

Gyaran dindindin kuwa dole wani abu ya karanta hedar nan kafin lodi, ko kai ko kod. In kana ɗan taɓa Python, csv.DictReader da suna yake aiki ba da matsayi ba, ka sa ya gwada sunayen da ya gani da shidan da kake jira, in babu ɗaya ya tsaya ya faɗi sunan fayil ɗin. Layi goma sha biyar ya isa.

Malamar Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni malamar aji ce kafin in koma ɓangaren kwamfuta, bari in ɗan kare 'yan uwana. Malam Ɗan Tudun Wada ka taɓa ba su fom ɗaya ka ce ga yadda kake so? In ba ka ba su ba kowa zai yi yadda ya ga ya yi mishi kyau ne, wani "Suna", wani "SUNAN ƊALIBI", wani "Name", wata ma ta haɗe sel biyu ta yi musu kala. Python ɗin Yaya Tsohon Hannu zai yi ta tsayawa ne kullum kana bin mutane. Mu abin da muka yi, fayil ɗaya muka tsara, layin farko heda babu sunan makaranta babu totel a ƙasa, muka kulle layin da Protect Sheet muka bar sauran a buɗe, muka mai da kolum ɗin waya Text tun kafin a rubuta komai. Wannan na waya ka duba naka yanzu, ina da tabbacin sifilin farko ya gudu, 0803 ta koma 803, don Excel lamba yake ganinta. Wanda ya rubuta da 234 a gaba kuma ta kai lamba 13, Excel ya nuna ta kamar 2.35E+12, in aka yi sebin CSV a haka to haka za ta fita, lambar ta tafi kenan sai an sake tambayar uban yaro.

Sai maganar ƙugiya. In za ka yi sebin ka zaɓi CSV UTF-8, kar ka zaɓi CSV ɗin nan na gargajiya, shi ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, alamar tambaya yake sa wa a gurbinsu, Ɗanladi ya koma ?anladi kuma ba ya dawowa. Amma CSV UTF-8 ɗin yana manna wasu bayit uku a farkon fayil da ido ba ya gani, BOM ake ce musu. Da IGNORE 1 LINES ba ruwanka, tare da heda suke tafiya bola. Ranar da ka koma karanta heda da suna ne za su cije ka, kana ganin "suna" da idonka kod yana rantsuwa babu kolum mai wannan sunan, don a wurinsa akwai wani abu manne a gaban s ɗin. A Python ka buɗe da utf-8-sig maimakon utf-8, shi ke cire shi. In wani editan ya nuna maka ï»¿ a gaban kalmar farko to shi ne. Juyin kuma, fayil ɗin da ka fitar daga MySQL ba shi da BOM, in bursa ta danna shi sau biyu Excel zai iya nuna ƙ a matsayin Æ™, ɗ kuma É—, ba lalacewa ya yi ba, ta shigo da shi ta Data, From Text/CSV ta zaɓi UTF-8.

Wani abu da ya taɓa ba ni dariya da haushi lokaci guda: muna da kolum "'Yan'uwa a makaranta" saboda ragin kuɗi. Excel in ka fara sel da wannan alamar ta ' ɗauka yake kana ce mishi abin rubutu ne, sai ya haɗiye ta, CSV ta fito da "Yan'uwa". Sai ka buga ta sau biyu. A dabarar UNION ɗin can ma sai an ninka ta, in ba haka ba ta rufe maka zance a tsakiya.

Na Maraɗi:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maraɗi. Ina ƙara abu guda saboda wanda zai amshi fishiye, wato fayil, daga wajenmu. Nan ordinatocinmu, kwamfutoci kenan, da Faransanci suke, kuma a Faransanci waƙafi shi ne na lissafi, 12,5 muke rubutawa ba 12.5 ba, shi ya sa Excel ɗinmu in ya yi CSV da waƙafi mai ruwa yake rabawa, wanga ; ɗin. Wani abokin aiki a Katsina mun taɓa aika mishi jerin manoma, ya loda da ',' sai layi duka ya faɗa cikin kolum na farko, hedar ma ta zama suna guda dogo. Ya yi ta cewa fishiyenmu ya lalace. Ba abin da ya lalace, FIELDS TERMINATED BY ';' kawai. Ni dai kowane fishiye anka aiko min sai na buɗe shi a Notepad na kalli layi ukun farko da idona kafin ya kusanci tebur, daƙiƙa goma ne, nan za ka ga mai rabawa, ka ga jerin kolum, ka ga ko akwai tarkace a sama.

Kuma mu ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y, to in heda ɗaya "ƴaƴa" ce ɗaya "'ya'ya", mutum ya san abu guda ne, inji bai sani ba. Don haka ni ra'ayina sunan kolum a bar shi babu ƙugiya babu tazara babu babban baƙi, dalibai, sunan_uba, kamar yadda ka yi.

Malamar Lissafi:

Malam Na Maraɗi a nan kam ban bi ka duka ba. A cikin tebur na yarda, duk da MySQL yana karɓar ƙ a sunan kolum ba tare da matsala ba, na gwada. Amma takardar da za ta je hannun mutane a rubuta Hausa daidai. Mun taɓa fitar da jeri mai kolum "kasa" ana nufin ƙasar da aka haifi yaro, wani uba ya ga an rubuta kasa kusa da sunan ɗansa ya zo yana tambaya wace jarabawa ya kasa. AS ai don haka aka yi shi, SELECT kasa AS 'Ƙasar haihuwa', ciki ya zauna yadda inji ke so waje ya fito yadda mutane ke karantawa. Illa dai ka sani fayil ɗin da ka yi wa kwalliya haka na karatu ne, in za a dawo da shi cikin tebur sunayen ba za su yi daidai ba, sai ka riƙe fitarwa iri biyu, ta bursa daban ta ajiya daban.

Sarkin Gajeriyar Hanya:

Toh ni dai na ga an kai ga Notepad ɗin da aka raina ni a kai hhh. A ci gaba da gashi.

Ɗan Tudun Wada:

Sarki kai gogewa ka ce, shi dubawa ya ce, ba ɗaya ba ne. Ngd kwarai jama'a, Malama gaskiyarki ban taɓa ba su fom ba, kuma na duba wayoyin, aji huɗu cikin shida babu sifili, na ci sa'a kolum ɗin VARCHAR ne sai na manna musu 0 a gaba duk waɗanda suka zo lamba 10. Guda uku ne suka zo da E+12 ɗin nan, su sai Litinin in yaran sun zo. Aji 5 na sake lodawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin rasit na bursa har bayan la'asar, an kuma sake buga wa iyaye takarda da ban haƙuri. Fom ɗin na kulle na tura a guruf ɗin malamai, har malamin aji 3 ya kira wai ya kasa ƙara kolum ɗin "Remarks", na ce ai da gangan ne.

Yaya Tsohon Hannu Python ɗin ne ban iya sosai ba, in na rubuta zan liƙo a nan ka duba min. Tambaya ɗaya kafin nan, in malami ya rubuta "Biya " da tazara a ƙarshe ko da babban baƙi, in sa kod ɗin ya gyara da kansa ya wuce, ko ya tsaya?

Tsohon Hannu:

Tazara da babban baƙi ya gyara, strip da lower sun isa. Amma in ya ga "Kuɗi" a inda yake jiran biya ko saura kar ya yi hasashe, ya tsaya ka kira malamin. Liƙo shi in ka gama, ina nan bayan isha'i in NEPA ta bar mu.